Yaron da ba shi da sarki

A ƙasar Hausa, kowace naƙasa da ido ke gani tana da suna, tana kuma da shugaba. Akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Guragu, akwai Sarkin Kutare. Idan aka zalunci ɗaya daga cikin mutanensu, an san ƙofar da za a bi a kai kuka fada. Wannan tsari ya girmi lakkwal, ya girmi gwamnati. Amma a wata unguwa ta birnin Maraɗi akwai yaron da bai shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan rukunoni ba. Idonsa garau, kunnensa yana jin motsin ɓera a bisa rufin kwano, ƙafafunsa kuwa sun fi na tsaransa gudu. Duk da haka sai da ya shekara biyar bai ce «Inna» ba.

Uwarsa ba ta faɗin sunansa, domin ɗan fari ne. «Yaron nan» take cewa, saboda haka a nan ma yaron za a kira shi. Tun bai daɗe da barin goyo ba ta lura cewa in an kira shi ba ya waiwayowa, alhali da injin niƙa na maƙwabta ya tashi sai ya toshe kunnuwansa ya yi ta ihu har a kashe. Ba ya nuna abin da yake so da yatsa, sai dai ya kama hannun mutum ya ja shi wurin randa. Yakan wuni a gindin katanga yana jera marafan kwalba, in wani ya gusar da ɗaya, ranar nan gidan ba zaman lafiya.

Da yake abin ba shi da suna, kowa ya raɗa masa nasa. Dangin miji suka ce ɗan ruwa ne. Wasu tsofaffi suka ce uwar ce ta fita da almuru tana da ciki. Maƙwabta suka ce sangarta ce, bulala ce maganinta. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya, har gidan ƴan bori an leƙa a ɓoye. Awaki biyu da rabin kwallar aurenta suka tafi a wannan neman. Har yau ba ta zargin kowa. Takan ce kowa ya ba da abin da ya sani ne, rashin sani kuwa ya fi dare duhu.

Yana da shekara bakwai aka rubuta shi a ajin farko, wato CI. Ajin rumfar zana ce, yara sun haura tamanin, mushe ɗaya. Da safe mushe ya faɗi kalma da Faransanci, baki tamanin su amsa gaba ɗaya. Abin da sauran yara suka ɗauka waƙa, shi a kunnensa injin niƙa ne. Ya toshe kunne ya ruga waje, a kamo shi, a tsula masa tsumagiya, gobe ma haka. Bayan mako uku direkta ya aika a kira uwar, ya ce mata: «Hajiya, ki yi haƙuri ki mai da shi gida. Mu ba a koya mana irin wannan ba.» Ta fita tana kuka. Daga baya ta ce a cikin duk maganganun da aka faɗa mata game da ɗanta, wannan ce ta farko da ba ƙarya a cikinta. Ta gwada wajen masu koyar da kurame, suka tafa hannu a bayansa ya zabura, suka ce ai wannan yana ji. Ƙofa ta biyu ke nan ta rufe.

Sai da ya shekara tara wani ɗan'uwanta ma'aikacin gidan likita ya ba ta shawara ta kai shi Yamai. Tafiyar kilomita fiye da 600 ce, da yaron da ba ya jure ƙarar mota. Likitan da suka gani bai yi masa allura ba, bai ɗibi jininsa ba. Zama ya yi yana kallon yadda yake wasa, yana yi wa uwar tambayoyi kan yarintarsa. A ƙarshe ya faɗi kalmar da ba ta taɓa ji ba: otisim. Tambaya ɗaya ta yi masa: «Likita, laifina ne?» Ya ce a'a.

Ya kamata mai karatu, musamman wanda ke riƙe da alli, ya san abin da likitan ya bayyana mata. Otisim wani bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma, alamunsa kan bayyana a shekarun farko na rayuwa. Yana shafar yadda mutum ke magana da cuɗanya da mutane, yana sa shi son maimaita abu ɗaya da tsari ɗaya, sau da yawa kuma ƙara ko haske ko taɓi suna yi masa tsanani fiye da kowa. Gado yana da babban rabo a cikinsa. Allurar rigakafi ba ta kawo shi, rashin tarbiyya ma haka. Masu shi sun bambanta ƙwarai: wani har ya tsufa ba zai yi magana ba, wani kuwa zai gama jami'a. Wani likita mai suna Leo Kanner ne ya bayyana shi a 1943 a birnin Baltimo na Amurka, bayan ya yi nazarin yara 11. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaɗa a 2022 ya ce kimanin yaro 1 cikin 100 ne a duniya. In aka bi wannan lissafi, makaranta mai yara 500 tana iya samun biyar, in dai ba a riga an mai da su gida ba. Babu ƙwayar da ke warkar da shi. Abin da ke taimakawa shi ne koyarwa tun da wuri, da gajerun kalmomi, da hotuna, da tsarin yini wanda ba ya canzawa barkatai.

Ta komo Maraɗi da sunan baƙo wanda harshen surukarta bai iya furtawa ba. Wasu gidajen rediyo sukan ce galahanga, amma kalmar tana haɗa larurori dabam-dabam a ƙwarya ɗaya. A unguwa kuwa abin da ake da shi dolo ne, da gaula, da taɓaɓɓe, dukkansu zagi. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa; ke nan aikin samar da sunan da uwa za ta iya faɗa a bainar jama'a ba tare da ta sunkuyar da kai ba ya rataya a wuyan malaman harshe da ƙungiyoyin raya al'adu.

Wani tsohon mushe da ya yi ritaya a unguwarsu shi ya gaya mata cewa takarda tana bayanta. Akwai doka ta ranar 2 ga Maris 1993 kan kare naƙasassu. Akwai dokar tsarin ilimi ta 1 ga Yuni 1998, wadda malamai suka sani da LOSEN, ta kuma tanadi ilimi na musamman domin naƙasassu. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda sashenta na 24 ya hana a fitar da yaro daga makarantar kowa da kowa saboda naƙasa. A watan Disamba na 2019 kuma aka ƙara wata dokar. Tsohon ya tuna mata cewa makarantun makafi da na kurame ba daga sama suka faɗo ba, sai da masu abin suka haɗa kai suka yi ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Inda ta fara buɗe baki shi ne taron asusun mata. Ita ƴar Mata Masu Dubara ce, tsarin nan na ajiya da rance da ƙungiyar CARE ta soma a yankin Maraɗi a 1991, kuma a nan ta koyi tsayawa gaban mutane ta yi magana. Wata rana bayan an gama zubi ta ba da labarin ɗanta daga farko har ƙarshe. Aka yi tsit, aka watse. Da dare ya yi, mata uku suka yi mata sallama ɗaya bayan ɗaya, kowace ba ta san ƴar'uwarta ta zo ba. Ɗaya ta ce duk ranar da za ta kasuwa sai ta kulle ɗiyarta a ɗaki, yau shekara huɗu ke nan, ko ƙawayenta ba su san tana da ita ba.

Kafin damina ta kewayo sun zama su shida. Suka je taron ƙungiyar uwaye mata ta makaranta, suka je gaban kwamitin da ake kira COGES, suka roƙi a ba su rabin sa'a a zaman CAPED, inda malamai ke haɗuwa suna ƙara wa juna sani. Ranar 2 ga Afrilu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa otisim tun 2008, suka yi magana a wani gidan rediyo. Buƙatunsu uku ne, ba su kuma canza ba: kada a mai da yaro gida sai an tura shi wurin da za a duba shi, a ƙara darasi kan irin waɗannan yara a makarantun horon malamai, a bar uwa ko yaya ta zauna kusa da yaro a aji har ya saba. Wasu sun saurare su, wasu sun ce mu da ko benci bai ishe mu ba. Ita ma ta san gaskiya ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amsarta ita ce biyu daga cikin buƙatun ba sa cin ko dala.

Wata malama ƴar kwantiragi ce ta karɓi yaron yana da shekara goma. Ta zaunar da shi bakin ƙofa, ta ba shi izinin fita in hayaniya ta yi yawa. Ta yanka kwali ta zana masa yininsa: tuta, allo, hutu, gida. Ta ajiye Faransanci tukuna, ta fara masa da kalmomin da yake ji a tsakar gida. Wata rana cikin zafin Afrilu, maimakon ya yi ihu, sai ya rubuta «ruwa» a allonsa ya ɗaga sama. Malamar ta aika da allon gida ba a goge ba.

Bai kai kwaleji ba. Yanzu shekarunsa goma sha bakwai, yana wuni a shagon kawunsa tela, yana ware maɓallai da zare launi-launi, yana guga, ba kuma a taɓa samun kwatarsa a karkace ba. Kalmominsa kaɗan ne. Akwai ranakun da komi ke rikicewa, a rufe shago a raka shi gida. Abin da ke hana uwar barci ta faɗa wa wanta sau ɗaya: «Yaya, in na riga shi tafiya, kada ku bari a sa masa mari.» Ya yi mata alkawari. Ta yarda da shi, amma ta san sauran matan biyar ba duka ke da wa mai shago ba, shi ya sa ba ta daina yawon ofis-ofis ba.

Duk shekara in an koma makaranta a watan Oktoba, takan saka mayafinta ta tsaya kusa da mai sayar da ƙosai a bakin lakkwal ɗin unguwa. Cikin mako na biyu ko na uku takan ga abin da take jira: wata mace ta fito daga ofishin direkta tana share ido, tana jan yaron da ya toshe kunnuwansa. Sai ta tare ta, ta gaishe ta, ta ce: «Ƙanwata, kada ki wuce da shi gida tukuna. Zo mu koma ciki tare.»