Daren Jajibirin Zanga-zanga a Gummi

Ruwa ya ɗauke bayan sallar isha'i a daren Laraba, 31 ga Yulin 2024, muka hallara a teburin mai shayin unguwarmu a Gummi kamar yadda muka saba. Wata da watanni ke nan mai shayin ya daina tayar da janaretansa. Fitilar caji ce ya rataye a ƙusa, haskenta bai wuce kan gwangwanayen madara ba, don haka sai dai ka gane mai magana da muryarsa. Gobe ne ranar da aka sa za a fara zanga-zangar kwana goma a faɗin ƙasa kan tsadar rayuwa, kuma ba wanda ya zo da wata hira sai ita.

Ɗan yayana ne ya fi kowa zafi. Shekararsa ashirin da biyu a lokacin, yana kabu-kabu da babur ɗin da aka ba shi biya a hankali. Tun watan Yuni yake yawo da bidiyon matasan Kenya a wayarsa, ranar da suka kutsa majalisar dokoki a Nairobi har Shugaba Ruto ya janye dokar ƙarin haraji. Ya nuna wa kowa, ya sake nunawa. A daren nan ya juyo gare ni, don ya san tarihina.

"Baba ƙarami, kai da ka kwana bisa titi a Kano, kai za ka ce kar mu hita?"

Gaskiyarsa. A watan Janairun 2012 ina ɗalibi a Kano. Ranar 1 ga wata gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141 dare ɗaya. Muka mamaye shataletalen Silver Jubilee cikin sanyin hunturu, kowa da bargonsa, mata na kawo ƙosai da kunu ba su karɓar ko kwabo. Na ga Kiristoci sun riƙe hannun juna sun kewaye mu muna salla. Cikin dare aka tarwatsa mu, na bar takalmina ƙafa ɗaya a wurin. Ƙungiyoyin ƙwadago, NLC da TUC, suka shiga yajin aiki ranar 9 ga wata, ƙasa ta tsaya cik, ranar 16 gwamnati ta sauko da farashi zuwa naira 97. Na dawo gida hutu ina tafiya kamar ni na karya farashin da hannuna. Yaron nan yana da shekara goma ya ji labarin daga bakina, kuma na tabbata na ƙara masa gishiri.

To amma tsakanin 2012 da wannan daren abubuwa da yawa sun bi ta kanmu, kuma kusan kowanne da warin fetur a jikinsa.

Wanda bai zauna a yammacin Zamfara ba zai ɗauka mai abin masu mota ne. A wurinmu da shi ake ban ruwan albasa da tattasai a fadama, da shi injin niƙa yake juyawa, da shi ake ɗauko mai naƙuda daga ƙauye a kan babur. Daga Gummi zuwa Gusau sai ka bi ta Daki Takwas, ka wuce Anka, ka faɗa Mayanci, kuma duk buhun da ya bi wannan hanya ya sha mai kafin ya iso. Farashin da ake faɗa a rediyo kuwa na birni ne. Mu namu yana hannun 'yan bumburutu, a kwalba, kullum da ɗori a kai.

A watan Satumban 2021 muka fara sanin cewa mai na iya zama laifi. Gwamnatin Bello Matawalle, a yunƙurin toshe wa 'yan bindiga hanyar samun kaya, ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana sayar da mai a jarka, ta taƙaita sayarwa ga Gusau da hedikwatocin ƙananan hukumomi, kuma ba a ba mutum ɗaya na sama da naira dubu goma. Ranar 3 ga wata aka katse layukan waya. Ban ce matakin ba shi da dalili ba, kowa ya san baburan daji ba ruwa suke sha ba. Amma injin ban ruwa ba ya zuwa gidan mai da ƙafarsa. Da rani ya shigo, abin da muke yi shi ne mu bi layi da babur, a cika tanki, mu gangara fadama, a zura tiyo, a zuƙa da baki har man ya taho, a tare a tankin injin. Sau biyu na haɗiye shi. Wuni guda ina gyatsar fetur, tuwo ma ɗanɗanonsa yake yi. Lokacin nan lita tana naira 165 a hukumance, muna ta kuka da tsada. Allah Sarki.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Bola Tinubu ya tsaya a Dandalin Eagle ya ce tallafi ya tafi. Kafin la'asar gidajen mai sun ja ƙofa, kwana biyu bayan haka lita ta haura 500 daga ƙasa da 200, a watan Yuli ta kai 617. Injina na shan kamar lita biyar a wuni idan ƙasa ta bushe. A ranin da ya biyo baya rabin fadamata kawai na shuka, ragowar na bar wa ciyawa. Yayana, mahaifin yaron, direba ne a layin Gusau. Ya koma sai mota ta cika maƙil, mutum biyu a gaba, huɗu a baya, wani lokaci har da na but, sannan ya tashi, kuma sau da yawa sai azahar ba ta cika ba.

Saboda haka da yaron ya tambaye ni, ba ni da bakin cewa ba a cuce mu ba. Na fara kame-kame. Na kawo maganar malamai, don a makonnin nan an yi ta huɗuba a kan mumbarori cewa zanga-zanga ƙofar fitina ce, a duba Libiya da Sudan. Wasu matasa na cewa an sayi malaman, tunda an ga tawagarsu a fadar shugaban ƙasa. Ni ban yarda duka an saye su ba. Limamin masallacinmu keke yake hawa, kuma tsoronsa na gaske ne. Na kawo maganar sabon mafi ƙarancin albashi na naira dubu saba'in da aka sa wa hannu shekaranjiya. Mai shayi ya yi dariya, ya ce mini a teburin nan wa ke ɗaukar albashi in ba ni ba.

Kawu ne ya katse mu. Ƙanen mahaifiyarmu ne, kuma tun da muka zauna bai ce uffan ba, yana ta juya cokali a kofi. Shi mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Bukkuyum, cikin waɗanda aka afka wa a farkon Janairun 2022, lokacin da 'yan bindiga suka kwana biyu suna bin ƙauyukan Anka da Bukkuyum suna kisa da ƙone-ƙone. Gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, waɗanda suka yi jana'iza suka ce sun kusa ɗari biyu. Kawu ya iso Gummi da ƙafa, da jikoki uku da buta.

"Yaro, ku hita ku tai ina?" in ji shi. "Wa za ku gaya ma? Mu da munka tara kuɗɗi munka kai daji kahin a bar mu mu yi shuka, munka sake tarawa kahin girbi, har da jarkunan mai sunka sa muna cikin lissahi. Wanga haraji wa munka yi ma zanga-zanga? In kun taru wuri guda kun bar gari, wa ka tsaron shi?"

Ba wanda ya amsa. Ana jin kwaɗi daga bakin gulbi.

Yaron bai sauko ba. Ya ce ai don haka ne ma ya kamata a fita, a haɗa kukan mai da na tsaro, tunda duka gwamnati ɗaya ce ta gaza. Ya ce shi Gusau zai tafi da asuba, inda gwamna yake, inda 'yan jarida za su gani. Sai ya tashi ya je wurin babur ɗinsa, ya kama kan, ya girgiza shi yana kasa kunne a jikin tanki. Duk muka ji ƙarar, 'yar ƙaramar ƙara ce can ƙasa. Ya tsaya yana lissafi da yatsu: zuwa da dawowa, ga kuɗin da zai kai wa mai babur ranar Juma'a, ga hanyar Anka da ba a bin ta da sassafe sai wanda ya gaji da duniya. Ya dawo ya zauna. Na ce masa, "Ka bari mu ga yadda goben za ta kasance." Na san ƙarya nake yi, ba abin da nake jira in gani. Tsoro nake ji kar in kai wa yayana gawar ɗansa.

Washegari na tafi gona da rediyo a aljihu. A Gusau an fito, har da mata, an nufi gidan gwamnati. A Kano abin ya ɓaci tun kafin azahar, aka fasa sabuwar cibiyar fasahar zamani ta hukumar NCC aka kwashe kaya, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa dokar hana fita ta awa 24. Bayan kwanaki aka ga tutocin Rasha a hannun yara. Ranar Lahadi 4 ga Agusta Tinubu ya yi jawabi, bai dawo da tallafi ba. Daga baya ƙungiyar Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24. A watan Satumba lita ta doshi 900, a Oktoba ta haura dubu. Ranar 1 ga Nuwamba muka kalli yaran da aka kama a zanga-zangar suna zubewa don yunwa a gaban kotu a Abuja, wasunsu ba su kai ɗan yayana a shekaru ba ko kusa.

Mutane suka yi ta ce mini, ka ga amfanin hana shi. Ban taɓa jin daɗin wannan yabon ba. Waɗanda suka fita ba su samu komai ba, haka ne, amma mu da muka zauna an lissafa shirunmu cikin masu goyon baya, na ji da kunnena ana gode wa jama'a a rediyo saboda sun nuna fahimta. Ni ban fahimci komai ba, kuɗin mota ne ba mu da shi, ga kuma daji a bayanmu.

Ko mako biyu ba a yi da ƙarewar zanga-zangar ba ambaliya ta ci Gummi, dubban gidaje suka rushe, ɗakin Kawu na ciki. A watan Satumba kwalekwale ya kife da manoma a gulbi suna hanyar gona, aka rasa mutane da dama. Zancen mai ya koma gefe, muna neman inda za a kwana.

Ya sake tasowa a 2025. Ranar 26 ga Yuni aka sa hannu a sababbin dokokin haraji, sai ga batun ƙarin kashi biyar cikin ɗari a kan man fetur a ciki. TUC ta yi barazanar yajin aiki a watan Satumba. Ministan kuɗi Wale Edun ya fito ya ce ba yanzu za a fara karɓa ba, kuma wai harajin tsoho ne, yana cikin dokar hukumar gyaran hanyoyi ta FERMA tun 2007. Yayana da ya ji an ce kuɗin gyaran hanya ne sai ya tambaya ko ta Daki Takwas na ciki.

A makon ne na tarar da yaron a bakin tasha. Ya mayar da babur ɗin tun bara, yanzu teburin bumburutu gare shi, kwalabe shida a jere da mazurari. Na ce masa ya ji batun sabon haraji? Ya ce ya ji. Na ce in an kira zanga-zanga fa, wannan karon? Bai ɗago ba, yana juye kwalba a tankin wani ɗan kabu-kabu, yana bubbuga gindinta don ɗigon ƙarshe ya sauka.

"Baba ƙarami, in ta tashi mu ƙara naira hamsin bisa kwalba," in ji shi. "Lita nawa za a zuba maka?"

Na ce biyu. Na ce ya rubuta, sai ƙarshen wata.