Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

A N'Djamena, babban birnin Chadi, makarantu kan koma karatu a farkon Oktoba, daidai lokacin da kogin Shari yake tumbatsa. A 2022 ruwa ya shanye unguwanni irin su Walia, har gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci ranar 19 ga watan. Idan ruwa ko wuta ta riski malami cikin aji, ga yara barkatai, ga ƙofa ɗaya, abin da ƙafafunsu suka saba shi za su yi.

A maƙwabciyar ƙasa Nijar, wuta ce ta zo. Ranar 8 ga Nuwamba 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a Maraɗi, yara aƙalla 25 suka rasu. Gwamnati ta haramta irin waɗannan azuzuwa ga yaran da ba su kai firamare ba. Matakin ya dace, sai dai ya tsaya ga gini. Ɗan shekara biyar da bai taɓa bin layi zuwa fili ba, ko a ajin siminti turereniya za ta tare shi a bakin ƙofa.

A Faransa doka ta wajabta wa makarantu atisayen ficewa, na farko cikin wata guda da komawa karatu. Atisaye kalma ce ta bakin soja, ma'anarta maimaita aiki har jiki ya haddace. Kayansa kaɗan ne: ƙararrawa, rajistar sunaye, da wurin taruwa da kowane yaro ya sani. Fafe gora shi ne huda shi a kwashe cikinsa don ya riƙe ruwa, kuma matafiyi tun yana gida yake yin wannan.