Rufin Asiri da Sawun Wayar Salula

Babu ɗan Adam da ba shi da abin da yake son ya kasance tsakaninsa da Mahaliccinsa, ko da kuwa ba laifi ba ne. Wannan ne Bahaushe ke nufi da rufin asiri, kuma shi ne ke cikin haɗari a duk lokacin da hukuma ta ce a taskace bayanan wayar kowa, bisa hujjar cewa rigakafi ya fi magani.

A shekarar 2006 Tarayyar Turai ta wajabta wa kamfanonin sadarwa adana irin waɗannan bayanai na tsawon wata shida zuwa shekara biyu. Ba maganar da aka yi ake ajiyewa ba, illa wa ya kira wa, yaushe, kuma daga ina. Wani ɗan siyasar Jamus, Malte Spitz, ya kai kamfanin Deutsche Telekom ƙara don a ba shi nasa bayanan. Ya karɓi sama da layi 35,000 na wata shida, waɗanda jaridar Zeit ta mayar taswira a 2011. Sai ga makwancinsa, da tafiye-tafiyensa, da lokutan da yake kiran waya, duk a fili. Ashe sawu kaɗai ya isa ya tona asirin mai tafiya.

A ranar 2 ga Maris, 2010, Kotun Tsarin Mulkin Jamus ta soke dokar ƙasar a kan wannan batu, ta kuma umarci a goge abin da aka tara. Ba ta haramta adanawa gaba ɗaya ba. Cewa ta yi dole a tsaurara tsaron bayanan, a kuma taƙaita dalilan buɗe su. A ranar 8 ga Afrilu, 2014, Kotun Tarayyar Turai ta rushe umarnin na 2006 kansa, domin ya yi wa mai laifi da marar laifi kuɗin goro.

Nijeriya ma tana gaban wannan tambaya. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin gida da wasiƙa da zancen waya, alhali Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ta ce a adana bayanan sadarwa shekara biyu. Tsaro buƙata ce ta gaskiya, amma wanda ya san ana bin sawunsa yakan fasa kiran lauya, ko likita, ko ɗan jarida. Aikin kundin tsarin mulki shi ne ya tilasta wa hukuma ta fara faɗin wanda take zargi, da dalilinta, a gaban alƙali, kafin ta leƙa.