Kunnen Baba

Shekara talatin Baba ya yi yana gyaran rediyo a wata 'yar rumfa a Bata, bakin kasuwar Sabon Gari. Ko sau ɗaya ban taɓa riƙe masa ƙarfen narka dalma ba. Na tafi jami'a na karanta kwamfuta, a raina ina ganin sana'arsa ta gama yayi. Yanzu idonsa ya yi rauni, rumfar ma mai sayar da caja ne a ciki.

Watan jiya na sayi RTL-SDR, 'yar na'ura kamar filas mai kama tashoshi, na buɗe GNU Radio Companion. Nan ba rubutu ake yi ba, akwatuna ake jawowa a haɗa su da kibiya: mai ɗauko sigina, mai tacewa, mai zare murya daga FM, sai mai kai wa lasifika. Na saita 99.5, Freedom Radio. Sai shuuu, ga wata baƙuwar murya tana kutsowa ta ƙasa. Har ƙarfe ɗaya na dare ina fama, ni mai digiri.

Da safe na kunna a tsakar gida. Baba na kan tabarma, bai ko waiwayi allon ba.

"Abba, rariyarka ta buɗe da yawa. Maƙwabciya ce ke shigo maka."

Na matse mai tacewar zuwa kilohaz 100. Murya ta fito tas.

Ya yi shiru, sannan ya miƙo hannu yana laluben kwamfutar.

"To, ina kuka ɓoye kwandansan?"

Na matsa masa kusa, na ɗora yatsansa kan akwati na biyu.