Wasiƙa Zuwa Ga Siyasar Malam Aminu

Ya ke aminiyar talakawa,

Ina kika shiga ne? Wa ya kore ki daga cikinmu?

Ke ce kika raba Malam Aminu Kano da aikin koyarwa a Maru a 1950, shekarar da aka kafa jam'iyyarsa ta NEPU. Saboda ke 'yan doka suka zane manoma da teloli, alƙalai suka tura su gidan yari. Saboda ke Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri, don ta ce mace ma ta cancanci ƙuri'a. An sha kayar da Malam a zaɓe, bai sake ki ba, har a 1959 Kano ta Gabas ta aika shi Majalisar Wakilai a Legas. Da ke ya tafi, da ke ya dawo, cikin farar rigarsa da jar hularsa. Ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a zamanin Gowon, amma bai tara abin duniya ba.

Kin tuna 1979? Mu ke dama koko da dare, mu bi bango muna liƙa hoton ɗan makulli, alamar jam'iyyar Malam ta PRP. Mu ke yin karo-karon kuɗin man mota, ba mu jiran sisin kowa. Da aka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna, mahaifina, wanda ya taɓa sayar da akuyarsa tilo don ya biya haraji, hawaye ya hana shi magana.

To me ya sa ba ki daɗe ba? Ko mu ne muka yi sakaci? Da PRP ta rabu gida biyu, santsi da taɓo, na zagi 'yan'uwana, wai da sunanki. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983, jam'iyyarsa a tsage. Daga baya na shiga layi na karɓi taliya, na dangwala wa wanda ban san manufarsa ba. Ki yafe mini, aminiyata.

Yau kowane ɗan takara yana yabon Malam, amma wa zai yarda ya faɗi zaɓe don ya tsira da ke? Ni dai na yi miki alkawari, ƙuri'ata ba za ta sake shiga kasuwa ba, kuma sai jikokina sun san ki.

Allah ya jiƙan Malam.

Naki har kullum,
Wani tsohon ɗan PRP