Ciwon Ido Ba Haƙuri Kaɗai Yake So Ba

Tun kaka da kakanni Bahaushe ke cewa ciwon ido sai haƙuri. Wannan magana ta dace da zamanin da babu abin da mutum zai yi wa idonsa illa ya koma ɗaka ya jira ikon Allah. To amma a yau, da Allah ya hore wa 'yan Adam ilmin gyaran ido, haƙurin da ba a haɗa shi da tambaya ba shi ke kai mutane ga riƙon sanda. Binciken da aka gudanar a duk faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa a cikin mutanen da suka kai shekara 40 ko suka wuce, fiye da 4 cikin 100 makafi ne, kuma kashi 84 cikin 100 na wannan makanta abu ne da za a iya hanawa ko a warkar. Da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah sun nemi magani, sai dai ƙofar da suka ƙwanƙwasa ba ita ce ba.

Abin da ya sami wani dattijon tela mazaunin Agege a birnin Ikko ya isa misali. Mutumin nan ya baro Arewa tun yana saurayi, ya yi shekara wajen arba'in a kan keken ɗinki, da shi ya yi aure, da shi ya sa 'ya'yansa makaranta. Sannu a hankali sai ya lura zare yana ƙin shiga kafar allura, har ya zama sai ya kira almajirinsa ya zura masa. Idonsa na hagu ya riƙa ganin duniya kamar ranar da hazo ya sauka. Bai gaya wa kowa ba, gama tela da ya ce ba ya gani kamar ya sallami masu kawo masa ɗinki ne da bakinsa.

Ƙofa ta farko da ya nufa ita ce ta mai kemis na bakin layinsu, wanda ya ba shi wata 'yar kwalbar maganin ɗigawa. Jan da idon ke yi da yamma ya tafi, ƙaiƙayi ya kwanta, saboda haka duk lokacin da kwalba ta ƙare sai ya aika a sayo wata, har aka shafe watanni. Ƙofa ta biyu ta mai tallar tabarau ce a kasuwa, inda ya yi ta gwadawa ɗaya bayan ɗaya har ya sami wanda rubutu ya ɗan fito da shi. Hazon dai yana nan. Ana cikin haka sai labari ya bazu a unguwa cewa wani baƙo ya sauka wanda ke kawar da yanar ido da tsinke a cikin ɗaki, nan take, babu kati, babu layi, kuɗinsa kuma kaɗan ne. Har dattijon ya sa ranar zuwa, sai babbar 'yarsa, wadda ke koyarwa a makarantar firamare, ta sami labari.

Ta durƙusa ta ce, “Baba, don girman Allah ka ba ni mako guda. In ban kai ka inda za a duba idon nan da na'ura ba, ka je duk inda ka ga dama.”

Ya ce, “Uwata, asibitin nan fa sai mutum ya tsufa a kan benci.”

Ta ce, “Gara benci da sanda, Baba.”

Yarinyar nan ta yi gaskiya. Yana ba wani fata ba ne da ya rufe ido daga waje, kamar yadda mutane ke zato. A cikin ƙwayar ido akwai wani ɗan gilashi na halitta wanda ke tattara haske, shi ne ke dusashewa da tsufa, ko ciwon sukari, ko rauni. Abin da mai tsinke ke yi shi ne ya ture wannan gilashi ya faɗa can cikin ido. Haske ya shiga, mutum ya yi murna ya ga inuwar hannunsa, amma babu abin da zai tattara hasken, ga kuma ƙwayoyin cuta da kumburi da ke biyo baya. Binciken da aka ambata ya tarar da mafi yawan idanun da aka yi wa wannan aiki suna nan cikin makanta.

A nan ne ya kamata mai karatu ya san cewa masu aikin ido hawa-hawa ne. Akwai mai yanka gilashi ya ɗaura a kan firam bisa ga awon da aka rubuta masa, ba aikinsa ba ne gano ciwo. Akwai likitan awon ido, wanda ya yi shekara 6 a jami'a yana koyon auna gani, da rubuta tabarau, da gane alamun cututtuka, amma ba ya yin fiɗa. Sa'an nan akwai cikakken likitan ido, watau wanda ya gama karatun likita na shekara 6, ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki, kana ya ƙara wajen shekara 5 yana ƙwarewa a kan ido kaɗai. Shi ke fiɗa, shi ke ɗaukar manyan cututtuka. Kowannensu yana da hukumar da ke yi masa rajista da ba shi lasisi, kuma ba rashin kunya ba ne majinyaci ya tambayi wanda ke gabansa ko shi wane ne a cikin ukun nan. Mai kemis kuwa, izinin da aka ba shi na sayar da ƙananan magunguna ne, ba na duba marasa lafiya ba.

Wurin likitan awon ido 'yar ta fara kai mahaifinta. Bayan ya sa shi karanta haruffa, ya haska idanun, ya auna ƙarfin ruwan da ke cikinsu, sai ya faɗi abin da ya girgiza su. Na hagu yana ce, kuma ana gyara ta. Amma na dama, wanda dattijon ke taƙama da shi, shi ne abin tsoro, domin ƙarfin ruwansa ya haura 30, alhali ga mai lafiya ba ya cika wuce 21. Wannan shi ne ciwon da ake kira gilakoma, ko hawan jinin ido. Ba ya zafi, ba ya ja, sai dai ya riƙa cin jijiyar gani daga gefe-gefe, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Da aka nuna masa kwalbar kemis ɗin nan sai ya girgiza kai, ya ce tana ɗauke da sinadarin kwantar da kumburi wanda in an daɗe ana ɗigawa yake ta da ƙarfin ruwan ido. Ya rubuta musu takardar turawa zuwa babban asibiti.

To, sanin wanda za a gani rabin tafiya ne, sauran rabin shi ne sanin yadda ake ganinsa. Washegari dattijon ya ɗauki almajirinsa suka tafi da hantsi, takarda kuwa tana gida a aljihun wata riga. Ya yini yana yawo daga taga zuwa taga, ya komo da la'asar bai ga ko inuwar likita ba, yana cewa ai dama ya faɗa. Laifin kuwa na rashin sani ne. An tsara aikin lafiya a ƙasar nan hawa uku: ƙananan asibitocin unguwa, da manyan asibitocin jiha, da asibitocin koyarwa da na ƙwararru irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Ƙwararre a hawa na uku ba a faɗa masa kai tsaye, sai da takarda daga hawan da ke ƙasa, ko daga sashen ganin majinyata na gaba ɗaya na asibitin. Bugu da ƙari, kowane ƙwararre yana da ranakun da yake zama ganin majinyata da ranakun da yake ɗakin fiɗa. Wanda ke cikin inshorar lafiya kuma, tilas ya fara ta asibitin da ya yi rajista, su nema masa izinin turawa.

A karo na biyu 'yar ce ta ja gaba. Ta ɗauki hutun yini guda, suka fita bayan sallar asuba, da takarda, da tsofaffin kwalabe, da tabarau na kasuwa, duk a jaka ɗaya. Ta yanki kati, aka buɗe fayil, ta rubuta lambarsa a wurare biyu. Akawu ya ba su rana mai nisa, makonni da dama a gaba. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma karɓa ta juya ba. Sai ta nemi babbar nas ta sashen, ta gaishe ta cikin ladabi, ta nuna mata abin da aka rubuta game da idon dama. Nas ta karanta, ta dubi dattijon ta ce, “Baba, wannan ba na jira ba ne,” ta shiga da takardar, aka matso da ranar cikin makon. Akawu yana raba ranaku ne bisa ga layi, amma likita da nas su ne suka san wanda jira zai cutar, kuma takardar turawa ita ce bakin da ke yi wa majinyaci magana.

Ranar ganin likita aka ɗiga masa maganin buɗe ƙwayar ido, wanda ke sa gani ya dushe na waɗansu sa'o'i, dalilin da ya sa ake so mutum ya zo da ɗan rakiya ke nan. 'Yar ta zo da tambayoyinta a rubuce: mene ne sunan ciwon, sau nawa za a ɗiga magani, har yaushe, nawa ne kuɗin aiki, yaushe za a komo. Bayan an auna jininsa da sukari, aka cire yanar aka sa masa gilashin roba a gurbinta, aikin da bai kai sa'a guda ba. Idon hagu ya buɗe, tela ya koma zura allura da kansa. Idon dama kuwa an tsayar da ɓarna da maganin da zai riƙa ɗigawa muddin ransa, amma gefen ganin da ya tafi ya tafi ke nan. Likita ya kuma ce a kawo 'ya'yansa da 'yan'uwansa a auna su, gama ciwon yana bin jini.

Akwai lokutan da ba a jiran rana ko takarda: in gani ya ɗauke farat ɗaya, ko wani abu ya soki ido, ko ido ya yi matsanancin ciwo tare da ciwon kai da amai. In ruwan batir ko siminti ya fantsama, a wanke da ruwa mai yawa nan take, a nufi sashen gaggawa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ya ƙi karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. In ban da waɗannan, hanya ita ce wadda aka bayyana, kuma ranar komawa da aka rubuta a bayan kati ita ma magani ce, kada biki ko kasuwa su sa a tsallake ta. Duk wanda ya kai shekara 40 ya kyautu ya je a auna idonsa ko da ba ya jin kome. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya bar mu da ganinmu, ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.