Kai Amarya Maraɗi, Da Zancen Jirgin Sama

Akwai wata magana da samari baƙi suka iya, da zarar yarinya ta ce tana tsoron auren nesa sai ka ji ya ce, "Haba ranki ya daɗe, ai a jirgi minti kaɗan ne." To wannan minti kaɗan ɗin nake so mu ɗan auna, don kuwa haka aka gaya wa 'yar ƙanwar babata kafin mu kwashe ta daga nan Daurawa mu kai ta ɗakinta a Maraɗi.

Gaskiya angon bai yi ƙarya ba. Katsina na da filin jirgi mai sunan marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, Maraɗi ma na da nata ɗan ƙarami, kuma tsakaninsu ta sama bai fi kilomita 80 ba, tafiyar da ƙaramin jirgi zai yi a kamar kwata na awa. Sai dai ina jirgin? Filin Katsina hankalinsa na kan Abuja da jigilar alhazai, na Maraɗi kuwa Yamai yake kallo. Dalili kuwa jirgi wajen tashi ya fi shan mai, ga kuɗin sauka, ga binciken fasfo tunda ƙasa biyu ce, waye zai biya wannan duka don tafiyar da mota ke yi?

Saboda haka mu dai bas muka cika da gara da 'yan rakiya, muka bi ta Gyaɗi-Gyaɗi muka kama hanyar Bichi, Tsanyawa, Kankiya, sai Katsina. Daga nan Jibiya, muka tsallaka iyaka a Magama, muka wuce Ɗan Isa. Ke dai bari, tsaye-tsayen hanya da sauke kaya da mayar da su sun fi tafiyar kanta cin rai, amarya kuwa tun daga Bichi take kuka, Gwaggo na cewa, "Yi haƙuri 'yar nan, ai gida za ki."

Kuma gida ne ɗin. Sarakunan Haɓe na Katsina ne suka koma can bayan jihadi a farkon ƙarni na 19, shi ya sa sarautar garin ake ce mata Sarkin Katsinan Maraɗi. Hausarsu ta Katsinawa ce zalla, sai dai sefa suke kashewa, ni da ƙyar na gane jika nawa ake nufi a kasuwa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne na 2023. Bayan juyin mulkin Nijar a watan Yuli aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris na 2024, a tsakanin nan ta haihu, mahaifiyarta tana Daurawa tana jin kukan jikanta ta waya, ba wankan jego ba zuwa suna.

Yanzu matan gidanmu zancen jirgin ƙasa suke yi, layin da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, mai tsawon kilomita 284, daga Kano ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya har Maraɗi. Gwaggo ta ce ranar da ya fara tafiya ita ce za ta riga kowa yankar tikiti, da ƙullin daddawarta da kuka.